Hanyar Burji A Kan Tudu: Wasu Wasa Suke Yi, Yaranmu Abinci Suke Nema



Duk wanda ya taɓa bin hanyar Tibati zuwa Banyo a tsakiyar damina, ko ya hau Mambila ya sauka daga kwalta ya nufi ƙauyukan bakin iyaka, ya san babu mai yi wa hanyar burji fatan alheri. Direba yana tsine mata, fasinja yana tsine mata, mai kaya kuma yana zaune a gidan gaba yana lissafin kwalaben da za su fashe kafin a isa. Ɗan takara ma in ya zo neman ƙuri'a, abin da yake fara yi wa mutanen ƙauye alkawari shi ne kwalta. To ashe a duniyar nan akwai masu neman irin wannan hanya ruwa a jallo. Su sayi tikitin jirgi, su biya kuɗin rajista, su hau keke su wuni suna haɗiyar ƙura a tsakanin tuddai, in kuma aka ce gwamnati za ta zuba wa hanyar kwalta sai ransu ya ɓaci.

Ba zolaya nake yi ba. A ƙasar Italiya akwai yankin da ake kira Toskana, ƙasar tuddai da gonakin inabi, inda hanyoyin ƙauye suke da farar tsakuwa. A 1997 wani mutum mai suna Giancarlo Brocci ya tara mahaya keke 92 a garin Gaiole suka bi waɗannan hanyoyi, kuma cikin manufarsa har da hana a binne su da kwalta. Taron ana kiransa L'Eroica, har yau ana yin sa kowane watan Oktoba, kuma sharaɗinsa sai tsohon keken ƙarfe irin ƙirar 1987 ko kafin nan. Doguwar hanyarsa kilomita 209 ce. Daga cikinsa aka haifi gasar ƙwararru ta Strade Bianche a 2007, wadda ake ƙarewa a tsakiyar birnin Siena bayan wani hawa da tsayuwarsa ta kai kashi 16 cikin 100.

Bari in fassara wannan lissafi, don za mu buƙace shi a gaba. In an ce hawa kashi 10 ne cikin 100, ana nufin duk mita 100 da ka yi gaba ka tashi sama mita 10. Kashi 4 ko 5 mai keke zai hau yana hira da abokinsa. Kashi 10 mai kaya ya riga ya sauka yana turawa. Kashi 16 kuwa, ko da ƙafa kake sai ka ji shi a gwiwa.

A Amurka kuma, a jihar Kansas, akwai wani ƙaramin gari, Emporia. A 2006 mutum 34 suka tashi daga can don su yi mil 200, wato kusan kilomita 320, a kan tsakuwa cikin yini guda. Yau gasar sunanta Unbound, dubbai ke zuwa, masu nema sun fi gurbi yawa har sai an yi ƙuri'a. Tuddan wurin ba su da tsawo, sai dai ba sa ƙarewa, ka sauka daga wannan ka tarar da wancan yana jiranka. Dutsen wurin kuma irin na ƙyastu ne, yana yanka taya kamar aska. A 2023 ruwan sama ya mai da wani sashe na hanyar taɓo mai danƙo, ya cika tsakanin taya da ƙarfe har ƙafa ta ƙi juyawa, manyan 'yan tsere suka saɓa kekunansu suna tafiya a ƙasa, suna ƙwaƙule laka da tsinke. Da na ga hotunan sai da na yi dariya, na ce ai wannan Mayo Darle ce ranar kasuwa a watan Agusta.

Mu ma nahiyarmu an shigo da abin. Tun 2021 ana yin gasar Migration a yankin Masai Mara na Kenya, kwana huɗu, kimanin kilomita 650, hawan da ake yi in an tara shi ya kai mita 8,000. A Ruwanda akwai hanyar Kongo Nil da ke bin gefen tafkin Kivu daga Rubavu zuwa Rusizi, kilomita 227 na hawa da gangara, baƙi na zuwa takanas domin ta. Hukumar tseren keke ta duniya ma tun 2022 ta ware wa tseren tsakuwa gasar duniya tasa ta kansa.

Abu ne mai sauƙi mutum ya ce ƙoshi ne ya yi musu yawa, ya wuce. Akwai gaskiya a ciki. Amma ni abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Mutumin da zai hau tudu don nishaɗi, ba kaya a bayansa sai gorar ruwa, yana wata da watanni yana shiri: ya auna faɗin tayarsa, ya auna iskar da ke ciki, ya sake birki, ya san inda zai sha ruwa, ya san wanda zai kira in ya faɗi. Yaron da mu 'yan kasuwa muke ɗora wa buhun gishiri da katon na sabulu da jarka biyu, mu ce ya kai kasuwar ƙauye a bayan dutse, da me yake tashi? Da tsohon Phoenix mai giya ɗaya, birkin baya an ɗaure shi da roba, na gaba kuwa an cire tun bara. Wanda ya fi buƙatar shiri shi ne ba shi da komai.

Wani zai ce ai zamanin keke ya wuce, yanzu babur ne. Haka muka ɗauka. Amma tun da Najeriya ta cire tallafin mai a watan Mayun 2023, zuwa-zuwan da muke saye a bakin titi a arewacin Kamaru ya daina araha, a watan Fabrairun 2024 kuma litar fetur a gidan mai ta koma sefa 840. Ku duba ƙofar masu gyaran keke a unguwanninku, ku duba kekunan da aka sauko da su daga saman ɗaki ana goge musu tsatsa. Kayan da ribarsa ba ta wuce ɗari biyar ba a katon, in ka biya ɗan babur ya hau dutse da shi ya dawo, me ya rage? Don haka keke ya dawo cikin lissafinmu, ko mun so ko mun ƙi, kuma gara mu san abin da masu wasan nan suka gano da kuɗinsu, mu ɗauki wanda zai yi mana amfani kyauta.

Na farko da suka gano zai ba ku dariya. Shekara da shekaru 'yan tseren kwalta suna hawa taya siririya kamar yatsa. Da suka koma tsakuwa suka yi ta gwaji, suka tsaya a kan taya mai faɗin milimita 40 zuwa 50. Tayar tsohon Raleigh da Phoenix na iyayenmu, mai lamba 28, faɗinta kusan milimita 40 ne. Wato inda suka iso bayan dogon bincike, nan kakanninmu suke zaune tun tuni. Inda suka fi mu shi ne sanin iska. Mu a wurinmu taya mai kyau ita ce wadda aka bunƙa ta yi tauri kamar dutse. A kan gargada, irin wadda hanya ke yin tudu-tudu kamar kwanon rufi, taya mai tauri tsalle take yi, kuma tayar da ke sama ba ta riƙe ƙasa, ba ta jin birki. Sai a rage mata iska kaɗan ta riƙa lanƙwasa a kan tsakuwa. Amma fa kaɗan, musamman ta baya da ke ɗauke da kaya, don in ta yi laushi da yawa dutse zai matse tib a jikin ƙarfen ƙafa ya huda shi wuri biyu a jere. Duk mai faci ya san wannan huda. Ta gaba ce ake sassautawa, ta baya a bar ta da ƙarfinta.

Sai giya. Keken kayanmu yawanci faifan gaba haƙora 44 ne ko 46, na baya 18. Duk zagaye ɗaya na feda keken zai yi gaba fiye da mita 5. A fili wannan daɗi ne, a kan tudu azaba ce. Keken 'yan tsakuwa yana da giyar da zagaye ɗaya ba ya wuce mita 2 da 'yan kai, shi ya sa za ka ga mutum yana hawa abin da ya yi kama da bango yana zaune a kan sirdi. Ba sai ka sayi nasu ba, wanda kuɗinsa zai sayi sabon babur biyu ko uku. Ka kai naka wurin mai gyara ya sake faifan baya ya sa mai haƙora 22, ya ƙara wa sarƙa 'yan gaɓoɓi. Zagaye ɗaya ya koma kamar mita 4 da rabi. Gudun fili zai ragu, amma tudun da yaro yake sauka ya tura tun daga gindi, yanzu zai kai rabinsa a kan sirdi, gwiwarsa kuma za ta kai shi tsufa.

Duk wannan maganar hawa ce, kuma hawa gajiya kawai yake kawowa. Ban taɓa jin wanda hawa ya kashe ba, sai dai in ya kama bayan babbar mota don ta ja shi, kamar yadda masu dakon ayaba suke yi a kan hanyar Bujumbura zuwa Bugarama a Burundi, kuma na ga yaranmu sun fara koya. Wannan a hana shi da babbar murya. Abin da ke kai mutane asibiti da makabarta gangara ce.

Na sa wani malamin kimiyya da ke sayen kaya a shagona ya buga mini lissafi. A ɗauka yaro nauyinsa kilo 60, keke kilo 20, kaya kilo 100, jimla 180. A ɗauka zai sauko daga tudun da tsayinsa mita 500 ne, wanda a ƙasar Adamawa da Mambila ba wani abin mamaki ba ne. Ƙarfin da wannan nauyi zai saki kafin ya iso ƙasa, in aka mai da shi zafi, ya isa ya kai ruwa lita biyu da rabi ga tafasa. Iska da gurzar ƙasa za su ɗauke wani kaso, amma mafi yawansa yana ƙarewa ne a kan 'yan robobi huɗu na birki, kowace ba ta fi babban yatsa ba. In biyu ne kawai ke aiki, su biyun za su sha duka. Roba in ta yi zafi tana yin sulɓi, ta daina kamawa, kuma daidai lokacin da ta daina ɗin ne ake tsakiyar gangara. Shi ya sa za ku ga yara suna goga silifas a kan taya, ko suna jan ƙafa a ƙasa. Wanda ya ga haka ya yi dariya bai fahimci abin da yake kallo ba.

Ga kuma ruwa. Ƙarfen ƙafar kekunanmu mai ƙyalli ne, in ya jiƙe roba ba ta kama shi sai ƙafar ta yi 'yan zagaye ta share ruwan. A nan Ngaundare damina tana kai mu daga Afrilu har Oktoba, wata bakwai ke nan jar ƙasa tana santsi kamar an shafa mata sabulu. Sannan gudu ba ya tafiya da lissafin kasuwa: in gudu ya ninka biyu, tazarar da ake buƙata kafin a tsaya ninkawa huɗu take yi. Wanda zai tsaya cikin taku biyar a hankali, in ya ninka gudunsa sai ya yi taku ashirin, kuma a kan dutse taku na goma sha biyu kwazazzabo ne.

Masu tseren tsakuwa suna da ƙa'idojin sauka da suke koya wa sabon shiga, kuma babu wadda ke cin ko dala. A rage gudu kafin a shiga kwana, in an shiga a sassauta hannu, don matse birkin gaba a tsakiyar kwana a kan tsakuwa shi ne ke zame ƙafar gaba mutum ya ci ƙasa da fuska. A yi aiki da birki biyu tare, a matsa a saki, a matsa a saki, kada a riƙe shi tun daga sama har ƙasa. A ja jiki baya a kan sirdi. Ido ya tafi can gaba inda ake so a bi, don keke yana bin ido, wanda ya zuba wa rami ido cikinsa zai faɗa. A doguwar gangara a tsaya a taɓa ƙarfen ƙafa, in ya yi zafin da hannu ba zai zauna ba a jira ya huce. Ni kuma in ƙara da tamu ta masu kaya: a rataya nauyi ƙasa-ƙasa a gefe biyu daidai wa daida, a daina gina hasumiya a kan kariya, don kayan da ya fi kan mai keke tsawo shi ke tuƙa keken a kwana. Inda kuma gangara ta yi tsaye, a sauka a riƙe keken a taka da ƙafa. Babu abin kunya a ciki, zakarun duniya ma suna sauka.

Ko da duk wannan shiri, hanyar tudu ba ta da aboki. Sule Kangangi ɗan Kenya ne, shi ne jagoran ƙungiyar Amani da ke tara matasan Kenya da Uganda da Ruwanda tana kai su gasar tsakuwa ta duniya. Shi ya zo na biyu a gasar Migration ta farko a 2021. Ranar 27 ga Agusta 2022, a wata gasa a tuddan jihar Vermont ta Amurka, ya faɗi yana cikin gudu mai tsanani, ya rasu yana da shekara 33, ya bar mata da 'ya'ya. A ranar, abokin tafiyarsa John Kariuki ne ya ci gasar. Mutum ne ƙwararre, da keke mai kyau, da hular kwano, ba kaya a bayansa. In irin wannan zai iya tafiya haka, sai mu tambayi kanmu a kan me muke dogaro ranar da muka tura ɗan shekara goma sha bakwai da buhu biyu da birki ɗaya.

Akwai wata magana da ba a son yi, amma zan yi ta. Da yawa cikin masu dakon nan da tiramol suke hawa dutse. Wasu iyayen gida sun sani sun kau da kai, tunda kaya na isa da wuri. Hukumar tseren keke ta duniya ta haramta wannan ƙwaya a gasa tun watan Maris na 2019, kuma babban dalilin da ta bayar shi ne haɗari: tana kawo jiri da gyangyaɗi, tana rage hankalin mutum a kan hanya. A 2022 an soke sakamakon Nairo Quintana na Kolombiya a gasar Tour de France saboda ita, mutumin da ya taɓa cin manyan gasa biyu na duniya. Su da ke da likita a mota yana bin su a baya sun ce ba a sauka gangara da ita. Namu yaron ya sha ta da safe don hawa, kuma tana jikinsa lokacin sauka. Abin da jikinsa ke nema ruwa ne da abinci. Masu tsere suna shan wajen rabin lita ko fiye a kowace awa, suna ci tun kafin yunwa ta zo. Lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, irin haɗin da ake yi wa yaro mai gudawa, da ƙullin gyaɗa da dabino ko ayaba a aljihu. Hajiya, wannan ɓangaren naki ne, don Alhaji in aka bar shi shayi da burodi zai ba yaron ya ce Allah ya kiyaye.

Yanzu in zo kanmu. A yawancin shagunan da na sani keken na maigida ne, yaro hawa kawai yake yi, ana biyansa a kan kowace tafiya. To wa zai sayi robar birki? Yaro ba zai cire daga ɗan abin da yake samu ya gyara keken da ba nasa ba. Maigida kuma ba ya hawa, bai san yadda hannun birki yake taɓa ƙarfe kafin ya kama ba. Haka keken zai yi ta tafiya tsakanin mutum biyu, kowa na ganin aikin ɗayan ne, har ranar da za a aiko a ce a zo da mota. Robobin nan huɗu ba su kai kuɗin katin wayar da muke ƙonawa a hira cikin kwana biyu ba. Kuɗin ɗinki da hoton ƙashi da jinyar wata uku kuwa kowa ya sani, ban da kayan da suka watse a rami, ban da idon uwar yaron da za ka haɗu da shi a unguwa. Kuma biya a kan kowace tafiya shi kansa yana tura yaro gudu, don in ya sauko da wuri zai samu ta biyu. Wanda ya ce wa yaronsa "ka tabbata ka dawo kafin la'asar" a kan hanyar da ke cin awa huɗu zuwa kawai, ya san a ina yaron zai rama lokacin. Ba a hawa zai rama ba.

A Ruwanda an taɓa haɗa ilimin masu wasa da buƙatar masu kaya, abin ya yi kyau. Tom Ritchey, Ba'amurke da ke cikin waɗanda suka fara ƙera keken hawan dutse, ya je ƙasar a 2005, ya ga manoman kofi suna fama da tuddai, ya zana musu keke mai dogon baya da giya da birki mai ƙarfi don ɗaukar buhuna. Daga wannan tafiya kuma aka kafa ƙungiyar tseren ƙasar, wadda wasu 'yan wasanta, irin su Gasore Hategeka, daga dakon dankali da ɗaukar fasinja a keke suka fito. Adrien Niyonshuti ya kai har gasar Olamfik ta Landan a 2012 a tseren keken dutse, shi ya riƙe tutar ƙasarsa. A watan Satumban 2025 kuma Kigali ta karɓi gasar tseren keke ta duniya, karo na farko a Afirka. Ƙafar da ke tura buhu a kan dutse ita ce dai ƙafar da ke cin kofi, bambancin wanda ya kula da ita ne.

Wannan ya kawo ni ga 'ya'yanmu na cikin gida, waɗanda ba dako suke yi ba. Sun ga Biniam Girmay na Eritiriya ya ci matakai uku da koriyar riga a Tour de France ta 2024, sun ga bidiyon masu tsakuwa a waya, yanzu kowane yana so a saya masa keken gwanjo mai giya ya fita bayan gari. Iyaye da yawa suna hanawa. Ni ra'ayina a bar su, da sharaɗi. Yaron da ya tashi da asuba ranar Lahadi ya hau tudun tafkin Tison ya dawo a gajiye ya fi mini wanda ya kwana a kan waya. Ƙasar nan kuwa Allah ya yi mata abin da Turawan can suke biyan kuɗi su samu: Ngaundare kanta tana sama da mita 1,000, ga hanyar magangarar ruwan Vina, ga ta Tello ga wanda ƙafarsa ta yi ƙwari. Sharaɗin shi ne hular kwano a ka, kada su gaza uku, a san hanyar da suka bi da lokacin dawowa, da famfo da kayan faci da waya mai caji. Kuma a tambayi mutanen wuri kafin a shiga daji, don masu garkuwa da mutane ba su bar karkarar Adamawa ba. Duwatsun Mandara, daga Mokolo zuwa Rumsiki, da hanyar da ta zagaye tuddan Bamenda, duk wuraren da mai keke zai yi mafarkinsu ne, amma da halin tsaron da ake ciki ba inda zan tura ɗana ba ne yanzu.

In za a sayi na gwanjon, ga abin da ɗan kasuwa zai duba, don dillali fenti zai nuna maka. A bi duk mahaɗar ƙarfe da ido a nemi tsaga, musamman ƙarƙashin wuya. A tsaya a gaba a duba ko ƙahon da ke riƙe ƙafar gaba ya karkace baya, alamar an taɓa yin karo da shi ke nan. Na ƙarfe ya fi mana, don kowane mai walda zai iya ɗinke shi, na alminiyam kuwa in ya tsage sai a nemi gwani a birni, in ma an samu. Birki mai waya ya fi mai aiki da mai, ko da na man ya fi kamawa, saboda waya ana samunta a kowace kasuwa, shi kuwa in ya zubar da mansa a ƙauye an gama. Taya mai lamba 26 ita ce ake samu ko'ina, manyan nan na zamani sai ka yi odar su daga Duwala ko Yawunde ka jira. Masu neman sabon layin kasuwa kuma su lura: kekunan suna shigowa da yawa, amma robar birkinsu da wayar giya da sarƙarsu ba kowa ke kawowa ba. Na bar muku wannan a nan.

Shi kuma yaron shago, kafin ya tashi gobe, Alhaji ka fito da kanka bayan an gama ɗaure kaya. Ka kama keken ka tura shi da ƙarfi taku uku, ka matse birkin gaba kaɗai, ka sake turawa ka matse na baya kaɗai. Kowanne ya tsayar da keken da kayansa tun hannun birkin bai kai ga taɓa ƙarfe ba. In ɗaya ya kasa, a sauke kayan a kai wa mai gyara, kasuwar ta jira mako mai zuwa. In duka sun kama, ka ba shi kuɗin kwana a aljihu daban da na abinci, ka gaya masa a gaban sauran yara cewa in hadari ya tare shi a saman dutse ya kwana can, ya sauko da safe bayan ƙasa ta sha iska, kuma ba za a cire masa ko sisi ba.